Imara

Jikata Shifa ta dawo daga Mukalla
da littafi mai kaurin tubalin tushe.
A bangonsa ga kalmar da na ci abinci da ita
shekara hamsin da ɗoriya: imara.
Na buɗe ina laluben ƙofa ko taga,
sai layuka da 'yan akwatuna.
Ta ce, Kaka, cikin kwamfuta ke nan,
haka aka tsara gininta.
Na ce, a wane kududdufi aka kwaɓa ƙasar?
Wa ya tattaka ta har ƙaiƙayi ya shige?
Ta yi dariya har gahawa ta zube a tabarma.

Ni Yislam Ba'ubaid, maginin Shibam,
hawa bakwai na ɗora a kan laka.
Bango a ƙasa kamu biyu, yana hawa yana ramewa
kamar mai azumi,
azara ta kurna, kan soro ya sha farar ƙasa.
Mahaifina bai taɓa furta kalmar ba.
Iyakarsa ya lashi yatsa, ya ɗaga sama,
ya ce a nan iska take so ta shiga.

A bakin wani injiniya na fara jin ta,
ya zo daga Adan da takalmi mai tsoron taɓo,
ya auna abin da muka gama, ya sa masa suna.
Likitan Sai'un ya ɗaga hoton gwiwata a fitila,
shi ma ya ce ginin ƙashin ya gaji.
Mai rediyo kullum da dare
yana tsara ginin zaman lafiya,
har yau ban ga an sauke yashi ba.
Kalma ta zama tsani, kowa ya ara,
ba mai mayarwa.

Liman Mahfuz ne ya warware mini bayan la'asar.
Ya ce jijiyarta ɗaya da umru, wato tsawon rai,
gida ba ya amsa sunan sai da numfashi a ciki.
Na tuna gidan Bahashwan.
Ya fi nawa kyau, ban ji kunyar faɗa ba.
Suka tafi Jidda, suka bar makulli da gizo-gizo,
ba mai yaɓe, ba mai share indararo.
Shekarar ambaliya ya durƙusa kamar raƙumi,
bai ko yi ƙara ba.

Shifa ta jawo littafin, ta sa yatsa.
Nan ake ajiya, nan ake aiki,
an matso da su kusa don kada saƙo ya wahala.
Na yi shiru.
Ashe ƙofar nan ce da na huda a hawa na biyar
tsakaninmu da maƙwabta,
don kakarta ta karɓo garwashi
ba tare da ta sauka mataki sittin ba.

Na ce, to, na ji.
Amma idan ruwa ya dake shi, wa ke yaɓe?
Ta ce, ni.
Na dubi hannunta, ba kanta, ba tsaga.
Ban ce komai ba tukuna.
Akuya na kuka a hawan ƙasa,
na miƙa mata fitila, na ce fara da wannan.