Rubutu a Kan Ƙanƙara

Ni ce mai gyaran filin nan da dare,
in an watse, an kashe rabin fitilu.
Ina tuƙa motar da ke lashe ƙanƙara,
duk zanen da takalma suka bari yau
kafin sha biyu na shafe shi da ruwan zafi.
Shi ya sa nake ajiye sunaye a ka.

Thora Sigurdson ce ta fara,
a alif ɗari tara da ashirin da biyu,
kan tafkin bayan laburaren Jami'ar Elk Narrows.
Su bakwai, tsintsiya biyu, sandunan hoki na aro,
da sanyi mai daskarar da hawaye a gashin ido.
Siket har idon sawu suke ɗaurawa.
Winnifred mai tsaron raga
ta ɗinke ƙusoshi a bakin nata,
in ta durƙusa ya baje kamar faifai,
'yar baƙar robar ta zo ta rasa ƙofa.

Hunturu goma sha ɗaya suka samu.
Sai maza tara suka zauna da kofunan shayi,
suka ce abin bai dace da 'ya mace ba:
ƙashi zai karye, murya za ta yi kauri.
Aka kulle sandunan.
Tafkin ma aka cike shi da ƙasa,
motocin malamai ke kwana a kansa yanzu.

Shekara arba'in shiru.
Ni na tsinci hotonsu a cikin kwali,
ina neman abin da zan tokare ƙafar tebur.
Fuskoki bakwai, ba mai murmushi,
suna kallona kamar masu bin bashi.

Muka taru, ni da Olena Hrycak da wasu.
Aka ba mu filin ƙarfe biyar na asuba,
lokacin da ko kare ba ya so.
Kayan samari muka gada, da warinsu,
hular kwano na yawo a kaina.
Mun toya waina mun sayar don kuɗin mai,
baban Olena ya tuƙa mu a tsohuwar bas
mai tari a kowane hawa.

Wasan farko, sha huɗu da nema.
Ni ce a raga.
Kowa ya ƙirga sha huɗun da suka shige,
ba wanda ya ƙirga sittin da na tare da haƙarƙari.
'Yar kallo ɗaya muka samu ranar,
tsohuwa da bargo a cinya.
Da aka hura usur ta sauko da sandarta,
ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.
Ban da sannu, ban da madalla,
cewa ta yi: "Kun makara."
Thora ce.
Ta miƙo min ƙullin takarda mai nauyi,
na buɗe, siket ne, ƙusoshin sun yi tsatsa.

Ba ta ga kofin ba.
Sai bayan shekara ashirin da biyar ya zo,
daren da Tanis Cardinal ta faɗi a gwiwa ɗaya,
ta zura da gefen sanda, saura daƙiƙa tara.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse,
mu ƙanƙara muka dafa, da tafin ƙafa.
Ina kan motata a bakin ƙofa,
na yi kuka har na manta na kunna ta.

'Yan matan yanzu suna da ɗakinsu,
suna a bayan riga, likita a gefen fili.
Sukan wuce hoton suna taunar cingam.
Ban jin haushi.
Don su wuce haka muka tashi da asuba.

Jiya dai wata ƙarama ta tsaya,
gashi jiƙe, jaka ta fi ta girma,
ta ce, "Doreen, me ya sa ba sa dariya?"
Na ce sanyi ne.
Na hau mota, na soma daga gefen hagu.