Hoge Guda Daga Ƙoramar Badagishiri

Shekara talatin ina haƙar yumɓu a ƙoramar nan,
ina buga tubali, ina shanyawa.
In ruwa ya janye, ƙasa ta tsattsage kamar faso a diddige,
sai in ce, nan kam babu mai numfashi
sai ni da jakina.

Tsahara ta zo hutu daga makaranta a Tawa
da rariya, da kwalabe,
da wani gilashi mai mai da ƙuma ɗan akuya.
Ta ce, "Baba, ara mini hoge guda."
Na yi dariya. Wa ke aron ƙasa?

Ta sa shi a tsohon kwanon uwarta,
ta zuba ruwan randa, ta ajiye gindin dogon yaro.
Kwana ɗaya, laka.
Kwana biyu, laka, kaji na leƙe.
Ran na huɗu ta jawo hannuna
ban ko gama alwala ba.

Na duƙa.
Wasu ƴan mitsi-mitsi kamar tsabar gero suna zagaya kwano.
Wani na iyo a rigingine, ƙafafu na ta kaɗawa,
ana hangen hanjinsa ta cikin jiki.
Abin da na ɗauka tsakuwa ce, ashe dodon koɗi ne:
ya ɓalle ƙofar da ya liƙe tun kaka,
ya miƙo ƙaho a hankali,
kamar mai jin an yi sallama bai tabbata ba.

Ta ce ƙwansu na kwance a busasshiyar laka
wata tara, wani ma shekaru.
Kuma ba duka ke amsa ruwan fari ba.
Wasu sai su yi shiru, su ƙi fashewa,
don in yayyafin yaudara ne
kada zuri'a ta ƙare a yini guda.

Na ce, to, wannan na san shi.
Ni ma ba na juye irina duka a binne.

Da za ta koma ta mai da ruwan ƙorama,
ta juye shi a ramin da na haƙa.

Yanzu ga abin da ke hana ni barci:
ɗakin nan da tubalin ƙoramar na gina shi.
Daren jiya hadari ya taso daga gabas,
ruwa na dukan bango,
ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗaki.
Raƙiya ta farka ta same ni
kunnena manne da gini.
Ta ce, "Nomau, lafiya?"

Na ce ta yi ƙasa da murya.