Bakin Da'ira

A takardar da tashar ta raba wa coci-coci
an zana da'ira da shuɗiyar tawada:
duk wanda ke ciki zai kalla.
Damazin ta faɗo daidai kan layin,
inda alƙalamin ya fara gajiya.

Ni mai ɗaura faranti ne.
Shekara sha tara ina hawa rufin mutane
da sifana ɗaya da igiya a kafaɗa.
Kakana da ƙafa ya taso daga Haɗeja za shi Makka,
kogi ya riƙe shi, ya shuka dawa, ya haifi ubana.
Shi taurarin dare ya bi.
Ni wanda ba a gani nake nema, da rana tsaka.

Rahil Koshe ta aiko jikarta ranar Asabar.
Gidan yana bayan 'yan gawayi, ɗaki biyu da rumfa.
Ta ce, "Bafillace", haka suke kiran mu duka,
"an ce ɗana yana fitowa a akwatin nan.
Lahadi ƙarfe huɗu, sahu na biyu cikin mawaƙa,
mai tsagaggen kunne, na hagu."
Shekara shida rabonta da shi.
Yaƙi ya raba su a hanyar Kadugli,
ita ta yi gabas, shi inda mota ta ga dama.

Na ce, Inna, farantinki ƙarami ne,
kuma tashar nan da ƙyar take leƙo garinmu,
kamar baƙon da ya yi sallama daga zaure ya juya.
Ta ce, "To a fita zauren a same shi."

Lahadi hadari ya haɗo daga duwatsun Habasha.
Wuta ta ɗauke tun hantsi.
Muka aro batirin mai niƙa.
Na hau. Na juya yamma, na ɗaga yatsa biyu, na sauke ɗaya.
Jikar tana taga tana min ihu:
talatin da takwas! Arba'in! Ya tafi!
Ƙusar ta ci tsatsa, ta ƙi kamawa,
da na saki sai hoton ya watse kamar gero a tsakar gida.

Sai na riƙe da hannu.

Minti hamsin ina tsaye kan kwano,
iska tana tura ni, ina tura ta.
Ban ga komai ba.
Ta cikin rufi nake jin ganga da muryoyi
cikin harshen da ban iya ba,
sai kuma wata murya guda, ta kusa,
ta tsohuwa, tana kiran suna:
Tiya. Tiya. Ka rame.

Aka kira la'asar a masallacin tasha.
Na ce a raina, Allah Ka ga hannuna ba a sake yake ba.

Da na sauko kafaɗata ta mutu.
Ta riga ta ajiye buta cike a gindin dalbejiya,
ta shimfiɗa buhun sukari da ta wanke.
Na fuskanci arewa maso gabas,
farantinta yana kallon yamma,
mun ba wa juna baya a tsakar gida ɗaya,
yayyafi yana sauka a kanmu bai tambayi kowa ba.

Ta ƙirgo kuɗi, na karɓi rabi.
Ta ƙara min da kofi mai citta, ya ƙona min harshe.

Gobe zan sayo sabuwar ƙusa.
Takardar kuwa tana aljihuna, ta jiƙe,
tawadar ta narke ta zarce layin
da kamar faɗin gida ɗaya.