Gangaren Arica

Kakana Nicanor ba ya ji da kunnen hagu.
Iskar taga ce ta cinye shi,
shekara talatin da ɗaya tsakanin Oruro da bakin teku,
lodin kuza a baya, ganyen koka a kunci.
Amma na daman nan!
Yakan kafa sukundireba a jikin inji,
ya ɗora kunne kan mariƙin,
kamar ungozoma da cikin wata bakwai.

A zamaninsu sitiyari abokin kokawa ne,
giya kuwa sai da lallashi:
taka kuloci, saki, ba ta wuta, sake takawa.
Ka yi garaje, ta kunyata ka gaban yaron mota.
Daren Tambo Quemado, inda gas ke daskarewa kamar kakide,
sai su hura wuta a ƙarƙashin tanki,
su tsuguna suna kallo, ba mai ƙifta ido.
Abokansa biyu a can suka ƙare.
Ba ya kiran sunansu
sai ya tsiyaya wa ƙasa rabonta daga kwalba.

Babana Hilarión ya tarar da kwalta.
Ya sayi Volvo ta hannu, da baƙon rubutu a ƙofarta,
da birkin iska mai huci, da bashin shekara tara.
Kaka ya zagaya ta sau biyu, ya ce,
"Wannan ko tunkiya ka ɗora, za ta kai ta."
Baba bai tanka ba.
Ya dai ci gaba da goge madubi.

Ni Delfina, motata ba ta da kuloci.
Ƙafata ta hagu 'yar hutu ce.
Allo ke gaya mini iskar kowace taya,
wani yaro a ofis, can Santa Cruz,
ya san inda na tsaya shan shayi
da sau nawa na taka birki da ƙarfi.
Injin a rufe yake, an hana ni taɓawa.

Bara, cikin sanyin Yuli, na ɗauki Kaka
ya sake ganin teku.
Ya zauna a kujerar dama, hula bisa gwiwa,
kunnen kirkin na fuskantar taga, karo na farko a rayuwarsa.
Duk kwanar da muka sha,
ina ganin ƙafarsa tana taka wayam,
tana neman abin da aka cire.

Mun wuce Putre, gangara ta miƙe,
sai ya ce, "Tsaya."
Na duba allo: kore shar, lafiya lau.
"Ta baya, ta ciki, ɓangarena. Tana kuka."
Don girman furfura na tsaya, ba don na yarda ba.
Na kai hannu ga cibiyar tayar,
har yau tabon yana nan a tafina.
Boris ya ci wuta.
Muna tsaye a bakin kwazazzabo, ina hura yatsu,
sannan na'urar ta farka, ta hau ihu.

Kwana biyu bayan nan, a tashar jiragen ruwa,
na cusa tirela da baya tsakanin kwantena biyu,
tazarar taki ɗaya kowane gefe,
sau ɗaya, ba gyara.
Ya daɗe yana duban madubi.
Ya ce, "Ni da na ɓare wa wani fitila."
Iyakar yabon ke nan, kuma ya ishe ni.

Da dare yaron ofis ya aiko takarda ta waya:
dalilin tsayawa ba bisa tsari ba.
Akwai gurbin faci, akwai na 'yan sanda,
akwai na rashin lafiya, da na zaftarewar dutse.
Na bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙonannen yatsa.
Kaka na minshari a gadon baya,
ya kwanta kan kunnen dama
don teku ta bar shi ya yi barci.