Jikanyar Maɗori

Ƙarfe bakwai da rabi, Sheffield ba ta gama farkawa ba.
Yayyafin nan da ba ya tsananta, ba ya kuma ɗaukewa,
ya jiƙa mini mayafi tun daga tashar jirgi.
Na rataye shi, na wanke hannu har gwiwa,
kamar alwala, sai dai da buroshi, ido na kan agogo.

Na farko yau Kacper ne, kwanansa sha tara a duniya.
Ƙafafunsa sun juya ciki suna kallon juna
kamar masu ƙus-ƙus.
Sau uku uwarsa na tambaya ko laifinta ne.
Sau uku ina cewa a'a.
Na riƙe diddigen da bai fi goro ba,
na murza kaɗan, kaɗan ɗin da ba ya sa kuka,
na naɗe da filasta har cinya.
Mako mai zuwa mu ƙara.
Icce tun yana ɗanye.

Kakana Tanimu maɗori ne a Kazaure:
karan dawa, tsumma, man shanu, tofi.
Bai taɓa ganin hoton ƙashi ba,
yatsunsa ne idanunsa.
Ina 'yar shekara tara nake riƙe masa fitila,
yana cewa, ke, saurara da hannu,
baki na ƙarya, ƙashi ba ya yi.
Da yawa sun tashi sun koma gona.
Wasu kuwa ɗaurin ya matse, hannu ya kumbura, ya yi baƙi,
aka tafi da su birni a bayan akori-kura,
suka dawo hannun riga na lilo.
Ba a yin wannan zancen a gidanmu.
Ni na yi shi da kaina, cikin dare,
shi ya kawo ni nan.

Shekara goma sha huɗu ina koyo.
Jarrabawa, kwanan asibiti, shayin da ya huce a kofi,
manya da suka kasa faɗin Zulaihatu
suka gutsure shi suka bar mini Zu.
Wani ya dubi damtsena ya ce aikin ƙashi na ƙarti ne.
Ban tanka ba.
Ƙashin yaro ba ƙarfi yake nema ba, lissafi yake nema:
kana ɗora shi yana tafiya,
ƙafar da ka gyara yau
ba ita za ta zo maka baɗi ba.

Da azahar Imogen, wadda ta faɗo daga gadon tsalle,
ta ga zarton cire filasta ta ƙwalla ihu.
Na ɗora shi a tafina yana ruri: duba, ba jini.
Ta ce to, amma a bar mata ɓawon,
duk 'yan ajinsu sun sa hannu a kai.

Akwai wanda ba na mantawa. Declan, ƙugun hagu.
Sau uku na buɗe, sau uku na ɗinke,
na karanta duk abin da aka rubuta, na kira na gaba da ni.
Har yau yana ɗingishi.
Duk ƙarshen shekara mahaifinsa na aiko katin godiya,
ni kuwa nakan bar shi kwana biyu a aljihun tebur
kafin in iya buɗewa.

Da yamma, a kan gangare,
wani saurayi ya wuce ni a guje, jaka a kafaɗa,
yana bin jirgin da ke shirin rufe ƙofa.
Ban san fuskar ba.
Na san takun:
diddigen dama na ɗan jinkiri kafin ya taɓa ƙasa,
jinkirin da ba mai gani sai wanda ya taɓa riƙe shi a hannu.

Bai waiwayo ba. Don me zai waiwayo?
Ya samu shiga.
Ni na rasa jirgin,
na tsaya cikin yayyafi ina jiran na gaba,
ina murza yatsuna cikin aljihu
yadda Tanimu ke yi bayan ya sallami mutum.