Baƙon da Ba Ya Sallama

Ƙarfe huɗu na yamma, rana ta tattara kayanta ta bar Hull,
ni kuwa yanzu nake buɗe ido.
Tukunyar jiya na nan ba a wanke ba, ta shekaranjiya na ƙarƙashinta.
Waya ta yi ƙara. Lantana ce daga Gusau.
Na kalli sunanta har hasken ya mutu.

Ba wanda ya rasu. Ba a kore ni daga aiki ba.
Na biya haya, biza da sauran shekara biyu.
To mene ne?
Tambayar da nake wa silin ke nan,
shi kuwa ba ya da baki.

Gadin ɗakin karatu nake, goma na dare zuwa shida.
Ni da tocila da mabuɗai sha ɗaya
da littattafan da suka girmi kakan kakana.
A hawa na uku, gefen tagar da ke yoyo,
na tarar wasu sun riga ni faɗawa wannan rijiya.
Likitocin dā sun ce baƙin ruwa ne ke taruwa a ciki,
sai a tsaga jijiya, a tara jini a kwano.
Wasu suka ɗora laifin kan wata tauraruwa mai tafiyar hawainiya.
Wasu suka ce zunubi ne, a ƙara azumi.
Marubuta kuma suka yi masa kwalliya,
suka sa masa riga mai aiki,
suka zaunar da shi bakin kogi yana kallon farin wata.
Ko ƙarya suke, ko nasu daban ne.
Nawa ba ya kallon wata.
Nawa safa ce, ƙafa ɗaya,
da na yi minti arba'in ina riƙe da ita a bakin gado.

Sai na tuna Kawu Tanimu, tela,
wanda ya rufe kekensa da buhu wata Laraba
ya zauna a zaure damina biyu.
Aka ce sammu ne. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi.
Aka ce ƙarancin tawakkali.
Mu yara muna leƙe muna dariya.
Kawu, ka yafe mini.
Ashe ba ka zauna ba ne, kaya kake ɗauke da shi.

Likita Pritchard ta miƙo mini takarda mai tambaya tara.
Kwana nawa cikin mako biyu abinci ya zama toka?
Kwana nawa barci ya ƙi, ko ya ƙi sakin ka?
Na kusa cewa da sauƙi.
Mu haka muka gada:
ko ana haƙa wa mutum kabari, da sauƙi.
Na haɗiye ta. Na ɗauki biro.
Na fito da ƙwaya fara, ƙarama kamar tsabar gero,
da ranar komawa.

Maƙwabcina Gordon, tsohon masunci,
ya ce nasa ya zo shekarar da jiragen kifi suka daina fita,
bai tafi ba, amma ya koyi zama a kujerar baya.
Ran Alhamis yakan buga ƙofa sau biyu.
Mu taka har bakin Humber,
ruwa launin kunun kanwa,
ba ya cewa komai, ba na cewa komai.
Wani zumuncin ba ya buƙatar harshe.

Yau bayan asuba na wanke tukunya ɗaya.
Ɗaya tak. Ɗayar ta jira.
Na kira Lantana.
Ta ce, Yaya, lafiya?
Na ce, ba lafiya ba.

Shiru ya ratsa teku ya dawo.
Can bayanta ina jin zakara, da wani yana jan guga.
Ta ce, bari in sauke tukunya.
Ina jin ka.