Matakala Goma Sha Tara

Na kama ofis a saman bene, bayan Taminus,
na sa aka rubuta sunana da ruwan gwal.
Ban ƙirga matakalar ba.
Mai ƙafa biyu ba ya ƙirga matakala.

Pam Dalyop ne ya ƙirga mini su
daga ƙasa, a kan allonsa mai taya huɗu.
Ya ce, "Lauya, goma sha tara ne.
Ko dai ka sauko,
ko ka jira in ɗauko ƙafafuna,
suna can ramin kuza a Barikin Ladi."

Na sauko.
Bana shekara talatin da ɗaya.
Teburina na nan tsakanin mai shayi da mai gyaran agogo,
sanyin Jos na shiga ta wuyan kwat,
takardu na shan hayaƙin risho
har alƙalai sun san warin fayil ɗina.

Abokan karatuna suna Abuja,
gardamarsu a kan miliyoyi ce.
Babbar shari'ata
naira dubu takwas ce a wata.

A ma'aikata aka ce wa Pam ya kawo takardar likita,
sabuwa duk shekara, da hatimi,
shaidar cewa ƙafafun ba su tsiro ba.
Na miƙe na ce, "Ya mai shari'a, ƙafa rogo ce?"
Kotu ta kwashe da dariya.
Pam bai yi ba.
Aka ɗage sai bayan hutu.

Lantana kurma ce.
Sau uku aka kira sunanta ranar tantancewa,
tana benci na gaba, ta rungume jakarta.
Aka rubuta: ba ta halarta ba.
Wata goma sha huɗu na yi ina nuna wa hukuma
cewa matar da ke gabanta tana gabanta.
Da kuɗin suka fito
ta kawo dankalin turawa rabin buhu,
ta kama yatsuna ta koya musu "na gode".
Har yau ina kuskure, har yau tana gyara mini.

Barau kuwa, cuta ta riga ta cinye yatsunsa,
na'ura ta ce sai an dangwala.
Ya ɗora dungulmi, ta yi ja.
Ya sake, ta yi ja.
Yarinyar da ke kan tebur ta ce, "Baba, ba laifina ba ne,"
kuma gaskiyarta.
Na ci wannan shari'ar ranar Talata.
An kai shi makwanci tun ranar Asabar.
Takardar na cikin aljihun tebur, na ƙasa,
wanda ba na buɗewa.

Kada wani ya mai da ni waliyyi.
Na taɓa yi wa wata uwa tsawa
don ta ɓatar da katin asibitin ɗanta.
Na taɓa ɓuya bayan mai shayi
ranar da ba ni da wata amsa sai "a dawo gobe",
kalmar da nake zagin wasu a kanta.

Yanzu idona ya soma dishi-dishi,
layukan fom suna hawa kan juna.
Jiya Pam ya gangaro, furfura ta rufe kansa,
ya ga ina kai takarda har hanci.
Ya ce, "Miƙo nan.
Na fi ka sanin akwatin da suke so a cike."
Na miƙa masa biro.

Da yamma wani saurayi ya kama ofishin sama,
sabuwar kwat, mai fenti na biye da shi.
Na ce, "Ɗana, ka ƙirga?"
Ya ce, "Me fa, Baba?"
Yana tsallake su bibbiyu.

Mai shayi ya dube ni.
Na ce ya ƙaro sukari.